Malama, riƙe allinki, amma kada ki sa hannu a kan makin ƙarya

Assalamu alaikum Hajiya. Ni malama ce a wata makarantar firamare mai zaman kanta a Kano, ina riƙe da aji uku. Na yi NCE ne don ina son koyarwa, ba don na rasa abin yi ba. Abin da na yarda da shi a raina shi ne yaro ba ya koyon abin da bai gane ba, kuma ba ya ganewa in yana cikin tsoro. Saboda haka ina yi wa yarana bayani da Hausa in Turanci ya gagare su, kuma ba na riƙe bulala. Mai makarantar kuwa ta kafa doka, duk yaron da ya yi Hausa monita ya rubuta sunansa, a ci shi tara ko a zane shi. Ta kira ni ofis ta ce ajina ya fi kowane aji surutu, ina sangarta yara, kuma iyaye Turanci suka biya kuɗi a koya wa 'ya'yansu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da muka zo cika katin sakamako ta ce kada in bar yaro ko ɗaya ƙasa da maki 50, gudun kada iyaye su kwashe 'ya'yansu, alhali akwai yaran da ko jimla guda ba sa iya karantawa. Abokan aikina sun ce in bi yarima a sha kiɗa. Maigidana ya ce in ajiye aikin in huta, amma ɗan albashin nan da shi nake taimakon mahaifiyata. Ko ni ce na cika taurin kai?

Malama, daga Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata Malama. Allah ya yi wa aikinki albarka, ya ba Mama lafiya da nisan kwana.

Ba taurin kai ne da ke ba. Sai dai kin haɗa abubuwa uku kin ƙulle su wuri guda kin kira su aƙidarki, shi ya sa kike jin in kika sassauta a ɗaya kamar kin sayar da duka. Nauyinsu ba ɗaya ba ne. Maganar Hausa da ta bulala hanyoyin aiki ne, ana iya zama a yi shawara a kansu, a ja nan a saki can. Maganar maki kuwa amana ce, ba a ciniki a kanta. In kika raba su, za ki ga wurin da ya kamata ki kafe ƙafa bai kai faɗin da kike zato ba, kuma za ki fi ƙarfin tsayawa a wurin.

Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba. Mai makarantar ba ƙarya ta yi ba da ta ce iyaye Turanci suka zo saye. Uban da ke wuni a kan adaidaita sahu, ko yake tsaye a rumfa a Kantin Kwari tun safe, ya tara kuɗin zango ya kawo, ya san abin da ya taɓa ji ranar da aka miƙa masa takarda a banki ko a asibiti ya koma neman wanda zai cika masa. Ya san da Turanci ake rubuta WAEC da NECO da JAMB, ya san yaro ko ya ci komai in ya faɗi Turanci jami'a ba za ta buɗe masa ƙofa ba. Ba ƙin Hausa yake yi ba, tsoro yake ji kada ɗansa ya sha abin da ya sha. Kada ki bari raini ga irin wannan uba ya shiga zuciyarki, don da zarar ya shiga zai fito a muryarki. Ke da shi wuri ɗaya kuke son yaron ya je. Hanyar da za a bi ce kawai kuka saɓa a kanta, kuma a nan ke ce mai gaskiya.

Dalilin ba wani boyayye ba ne. Yaron da ya zo aji ɗaya daga gidan da ba a Turanci, in aka fara masa karatu da Turanci, an ɗora masa kaya biyu lokaci guda. Dole ya gano cewa waɗannan zane-zanen da ke kan allo sauti ne, kuma dole ya gano ma'anar sautin a harshen da bai taɓa ji ba. Yawancin yara sai su ajiye kayan biyu su ɗauki na uku, wato hadda. Kin san yarinyar da nake nufi, don kowane aji akwai ta. Za ta miƙe ta rero shafi guda na Turanci ba tuntuɓe, har a tafa mata. Ki rufe hoton da ke shafin da tafin hannunki, ki ɗora yatsa a kan kalma ɗaya a tsakiyar layi ki ce karanta mini wannan, sai ta kalli rufi, leɓunanta na motsi, tana biyo shafin tun daga farko a zuci don ta iso inda yatsanki yake. Wannan yarinya ba daƙiƙiya ba ce, wadda ta haddace shafi guda a harshen da ba ta ji ai kanta na ja. Ba a koya mata karatu ba ne kawai. Rubutun Hausa kuwa yadda aka rubuta haka ake faɗa. Yaron da ya san ba, be, bi, bo, bu, ya san ka da za, zai haɗa kaza da kansa, kuma da ya haɗa zai ga kazar a ransa. Daga ranar ya gane abin da ake nufi da karatu, kuma karatu sau ɗaya ake koyonsa. In ya zo Turanci, kalmomi da ƙa'idojinsu zai koya, ba zai koma koyon mene ne harafi ba.

An gwada wannan a ƙasar nan, ba jiya ba. A 1970 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka ɗauki yara a wata firamare a Modakeke suka koyar da su kowane darasi da Yarbanci shekara shida cur, Turanci yana matsayin darasi guda mai malaminsa na musamman. Da aka gwada su da takwarorinsu da aka juya wa harshe zuwa Turanci a tsakiyar firamare, ba su gaza a Turancin ba, a darussa da dama ma sun yi gaba. A Nijar an buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973, daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da harshen Buzaye. Ko a Kanonku, makarantar da Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909 da Hausa aka fara koyarwa a cikinta. A 'yan shekarun nan kuma shirin Mu Karanta ya koyar da yaran aji ɗaya zuwa uku karatu da Hausa a jihohin Bauchi da Sakkwato, aka shigo da Turanci a kai daga baya.

Amma ba na ba ki shawarar ki shiga ofis da takardar gwamnati a hannu. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta ce a fara da harshen gida, daga baya aka fayyace shekaru ukun farko. A Nuwamban 2022, zamanin da Adamu Adamu ke ministan ilimi, majalisar zartarwa ta amince a kai shi shekara shida. A Nuwamban 2025 kuma minista Tunji Alausa ya sanar da janye wannan tsari, ya ce a koma Turanci. In kin kawo takarda, mai makarantar ma tana da tata. Ga iyaye kuwa kina da hujjar da ta fi duk wannan kusa da su. Ki tambayi uba, a tafsirin azumi in mai jan baƙi ya ja aya da Larabci, da wane harshe malam yake buɗe masa ma'ana? Nana Asma'u 'yar Shehu ta ƙoshi da Larabci, amma da ta tashi karantar da matan ƙauyuka ta hannun jajis, wato matan da ta naɗa su kai musu ilimi, da ɗalibansu 'yan taru, waƙoƙin Hausa da Fulatanci ta ba su. Allah da kansa ya faɗa a Suratu Ibrahim cewa bai aiko wani manzo ba sai da harshen mutanensa, domin ya yi musu bayani. Babu uban da zai ji wannan ya ce ba haka ba ne.

Sai dai ki binciki kanki a kan abu guda, ƙanwata, don na ga malamai da yawa sun fake a nan. Akwai mai yin Hausa a aji don ya ɗora yaro a kan Turanci, akwai kuma mai yi don ta fi masa sauƙi, ko don nasa Turancin na rawa. Na biyun yaransa kan fita daga aji uku babu Hausar a rubuce, babu Turancin a baki, kuma shi ne yake ba masu hana Hausa hujja. In kin yi bayanin rabawa da Hausa, kin kawo ƙwallayen dabino goma sha biyu kin raba wa yara uku sun ga kowa ya tashi da huɗu, to kada ki tsaya nan. Ki maimaita da Turanci, ki rubuta a allo, ki sa su faɗa ɗaya bayan ɗaya, gobe kuma ki fara da Turancin ki ga wa ya riƙe. Yaranki su fi na kowane aji jin Turanci mai ma'ana, na labari da waƙa da tambaya da amsa. In haka ta samu, bakin mai makarantar zai mutu da kansa.

Tarar Hausa kuwa kada ki karɓa a ajinki, kuma kada ki yi shela cewa ba za ki karɓa ba. Ki ba monita wani aikin, ya raba littattafai, ya goge allo. Abin da tarar ke haifarwa shiru ne. Yaron da ya san in ya buɗe baki za a rubuta sunansa, zai daina tambaya, kuma yaron da ba ya tambaya ba ki da hanyar sanin inda ya ɓace. Ga kuma ɗan shekara takwas da aka mayar ɗan rahoto a kan abokansa, ga wanda ya koma gida yana jin harshen da uwarsa ke sa masa albarka da shi laifi ne da ake biyan kuɗi a kansa. Ki roƙi mai makarantar ta bar ki ki gwada wani abu a madadinsa: wani yanki na kowace rana da kowa zai yi Turanci zalla cikin wasa, wanda ya yi ƙoƙari a yaba masa ko da ya kwafsa.

Yanzu bulala. Za a ce miki ai mu ma da duka aka karantar da mu, kuma ga mu mun zama mutane. Masu faɗar haka su ne waɗanda suka kai labari. Waɗanda dorina ta kora daga makaranta tun aji huɗu ba sa zama a ofishin malamai balle a ji nasu bakin. Za a kuma kawo miki addini, to a nan ki tsaya da kyau, don abin da kike kai yana da asali. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko tir ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi ba. Nana A'isha ta ce bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Wanda ya fi dacewa da ajinki shi ne labarin Mu'awiya ɗan Hakam, da ya zo a cikin Muslim. Sabon shiga ne, bai san ba a magana a salla ba. Wani ya yi atishawa ya gaishe shi, mutane suka zuba masa ido, ya sake magana yana tambayar me ya sa suke kallonsa, suka shiga bugun cinyoyinsu don ya yi shiru. Da aka idar, ya ce bai taɓa ganin malamin da ya fi Annabi iya koyarwa ba, kafinsa da bayansa, bai daka masa tsawa ba, bai doke shi ba, bai zage shi ba, ya dai gaya masa cewa salla ba ta dace da zancen mutane ba. Mutum ya yi kuskure saboda rashin sani, aka sanar da shi. Yaron da ya kasa lissafi ko Hausa ta kuɓuce masa ai a wannan layin yake.

Ba zan ce miki malamai sun haramta horo da duka gaba ɗaya ba, don ba haka ba ne, kuma in kika faɗi haka za a kama ki. Sun yarda da shi, amma sun ɗaure shi tamau. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi a kan ladubban malaman yara, ya ce kada a wuce bulala uku sai da izinin uba, kuma ya zargi malamin da ke duka don huce fushinsa ba don amfanin yaro ba. Ki auna wannan da abin da ke faruwa a makarantunmu da rana tsaka, lokacin da zafi ya yi zafi, malami ya gaji, albashi bai shigo ba. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware babi guda a kan cutar da tsanani ke yi wa ɗalibi. Ya ce yana kashe masa kuzari, ya jawo masa kasala, ya koya masa ƙarya da yaudara, saboda ya saba nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron hannu. Duk malamin da ya taɓa karɓar aikin gida iri ɗaya sak daga yara goma, har da kuskuren, ya ga abin da yake nufi.

To amma akwai bashi a kanki. Mai makarantar ta ce ajinki ya fi surutu, kuma ba ki musa ba a wasiƙarki. Wanda ya ajiye bulala dole ya ɗauki wani abu a madadinta, in ba haka ba yaran masu ƙarfin baki su cinye ajin, yarinya mai kunya da ke kujerar baya ita ce za ta yi asara, kuma ita ma amana ce a wuyanki. Surutu iri biyu ne. Akwai na yara biyu da suka haɗa kai a kan littafi suna gardamar ko wannan harafin da ne ko ba, wannan ki kare shi ko a gaban wa. Akwai na rashin abin yi, wanda ke tashi da zarar kin juya baya kina cika allo da rubutu, wannan laifin tsari ne, ba na yara ba. Ki riƙa rubuta abin da za ki rubuta kafin su shigo. Ki sami alama guda ta yin shiru, tafi uku ko ɗaga hannu, ku yi ta gwada ta har ta zauna, kuma kada ki fara magana sai ajin ya yi tsit, ko da za ki tsaya jira. Dokokinki su zama kaɗan, kowa ya san su, hukuncinsu sananne kuma ba ya canzawa da yanayin fuskarki. Wanda ya hana wasu karatu ya dawo kusa da teburinki, wanda ya ɓata wuri ya share, wanda ya ci zalin wani ya ba da haƙuri a gaban wanda aka yi abin, in ya maimaita a kira gida. Yaron da ya fi kowa ƙiriniya ki ba shi muƙami, sau da yawa gane darasin ya yi da wuri ya rasa inda zai sa kansa. Tsallen kwaɗo da kamun kunne da durƙuso a rana kuwa duk bulala ce, sanda ce kawai babu. Haka kiran yaro daƙiƙi a gaban 'yan'uwansa, wannan ma ya fi daɗewa a jiki.

Sai maganar maki, wadda ita ce ta sa na ce ki kafe ƙafa. Katin sakamako shaida ce. Uban da bai yi boko ba ba shi da wata hanyar sanin halin da ɗansa ke ciki sai wannan takarda da sa hannunki a ƙasa. In kin rubuta 50 ga yaron da ba ya iya karanta jimla, kin karɓi kuɗin mutum kin gaya masa ɗansa lafiya lau alhali ba haka ba ne, kin kuma hana shi damar neman magani tun abin yana ƙarami. Annabi ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannu cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya ce don me ba ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Malamin allo na ƙwarai ba ya ce wa yaro je ka wanke allonka don ubansa ya kawo kuɗin Laraba. Sai ya biya daidai, sai babbaƙu sun zauna a shiga farfaru, ko da sa'o'insa sun yi nisa.

Ki duba inda makin ƙarya ke kai yaro. Ya wuce aji huɗu, inda aka daina koyon karatu aka koma karatu don a koyi wasu abubuwa, shi kuwa ba shi da mabuɗin. Malamin aji huɗu ya ba shi 50, na aji biyar ya ba shi, har ya shiga sakandare. Ranar da zai zauna WAEC babu abin da ya rage wa ubansa sai neman makarantar da ake rubuta wa yara amsa a allo, kuma kowa zai ce yaran zamani ba sa karatu. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa kusan yara 70 cikin 100 masu shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su gane shi, kuma da yawansu suna zuwa makaranta kullum, ana ciyar da su gaba kowace shekara. Satar amsar da ake kuka da ita a sakandare, a irin wannan katin na aji uku ake shuka ta.

Amma kada ki shiga ofis da a'a kawai. Tsoron mai makarantar na gaske ne, in iyaye goma suka cire yara albashinki ma yana ciki. Ki je mata da abin da zai cire mata tsoron. Kafin nan, ki ɗauki mako guda ki gwada yaranki ɗaya bayan ɗaya a teburinki, lokacin tara ko bayan tashi: wa ya san haruffa kawai, wa ke haɗa kalma, wa ke karanta jimla, wa ke karanta labari ya ba da shi da bakinsa. Ki rubuta sunan kowa a matakinsa. Wannan ita ce hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara da ita, ta karantar da yaro daga inda yake ba daga inda littafin aji ya ce ya kamata ya kai ba, kuma an yi aiki da ita a Borno da Kano. Ba ta bukatar kuɗi, kwali da alli da ɗan lokaci kullum sun isa.

Sannan ki sami mai makarantar ita kaɗai, ba a gaban malamai ba, ba kuma ranar da ta yi miki faɗa ba. Ki gaishe ta yadda ya kamata, ki ce: Hajiya, ga yaran da ba su iya karatu ba a ajina, ga sunayensu. Ina neman izini ki ba ni minti ashirin kowace safiya da su har ƙarshen zango mai zuwa, sannan ki zo da kanki ki gwada su. Makinsu kuwa ina roƙon a bar shi yadda yake, ni zan kira iyayensu kafin a raba kati in yi musu bayani, in gaya musu abin da makaranta ta shirya yi a kai. Abin da ke sa uba ya cire ɗansa shi ne ya buɗe kati a gida ya ga jan biro babu wanda ya ce masa komai. Uban da aka kira, aka ba shi kujera, aka ce ɗanka yana da ƙoƙari a kaza, ga inda ya maƙale, ga abin da za mu yi, ga abin da muke so a riƙa yi masa a gida bayan magariba, da wuya ya tafi, don bai saba ganin makarantar da ta san ɗansa haka ba. Kina iya ƙara wa yaran dama ta halal, ki sake koyar da abin da suka faɗi ki sake gwada su, abin da suka ci a karo na biyu nasu ne. A wurin bayanin malami kuma ki rubuta gaskiya mai amfani, kamar ya san haruffa duka, yanzu yana koyon haɗa su, maimakon a ƙara ƙoƙari da ake rubuta wa kowa.

In ta ƙi, ta ce sai 50, ki gaya mata cikin ladabi cewa ga makin gaskiya kin miƙa, ba za ki iya rubuta wani da hannunki ba. In ta canza da kanta, wannan tsakaninta da Allah, amma kada ki sa hannu a kai, kuma ki adana rajistarki. Uban da ya tambaye ki kai tsaye ko ɗansa na iya karatu, ki gaya masa gaskiya ba tare da kin ɓata makarantar ko kin kwashe sirrin ofis kin kai masa ba. Abokan aikinki kuma kada ki yi musu wa'azi, yawancinsu sun san gaskiyar, cefane ne ya rufe musu baki. In akwai ɗaya da kika ga zuciyarta na tare da ke, ki nuna mata takardar gwajin nan, wataƙila ta yi a nata ajin, kuma malamai biyu sun fi ɗaya wuyar kora.

Maigidanki tausayinki ya ji, ki gode masa, ki zaunar da shi ki nuna masa abin da kika shirya, ki nemi ya ba ki zango ɗaya. Kada ki ajiye aiki a tsakiyar zango cikin fushi, yaran ne za su kwana a ciki, kuma wadda za ta gaje ki wataƙila da dorina za ta shigo. Amma tun yanzu ki fara shiri a hankali. In ba ki yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN ba ki yi, ki sa kunne ga ɗaukar malamai na hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, SUBEB, ki tambayi wasu makarantu, ki duba ko za ki iya tara 'yan yaran unguwa da yamma kina koya musu karatu, don malamar da aka san yara na iya karatu a hannunta ba ta rasa masu nema. In zango ya ƙare aka ce zamanki a makarantar ya rataya ne a kan ki sa hannu a makin da kin san ƙarya ne, ki yi istihara, ki ba da sanarwa yadda ƙa'idar aikinku ta ce, ki miƙa wa wadda za ta karɓi ajin takardar matakin kowane yaro, ki yi sallama da mai makarantar lafiya. Kuɗin Mama kuma ku zauna da maigida da 'yan'uwanki tun kafin lokacin ku san yadda za a rufe watannin da za ki yi kafin wani aikin ya samu.